Shekarar da Na Auna Jinin Shanu a Wudil

Binta, ke da Auwalu kun tashi kuna jin sunan da 'ya'yan Yaya Musa ke kirana da shi a bayan ido duk lokacin da muka je Darki, wato Haruna Na-jini. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa ɗauko zancen ba, mahaifiyarku Rakiya kuwa har ta koma ga Allah ba ta son a tuna mata. Yanzu da ciwon ƙafa ya zaunar da ni, na ga gara ku ji daga bakina, kada wata rana wanda ba ya nan aka yi ya ba ku labarin.

An turo ni Wudil ne bayan farin nan da ya kwantar da shanu, daidai lokacin da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasa. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen lafiyar dabbobi, kuma an ɗan koya mini aikin gwaji a Kano. Murna na yi da aka ce Wudil, don Darki garinmu ga ta nan kusa, Inna tana can a gidan Yaya Musa, Utai garin su Rakiya ita ma ba nisa. Muka kama haya a wani gida kusa da kara, inda ake cinikin shanu ran Juma'a. Ke Binta kina tatata a lokacin, Rakiya tana da cikin Auwalu. Tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kafin wata ya zagayo matan unguwa sun san ƙofar ɗakinta.

Aikin da aka ba ni shi ne in gano garken da yunwa da ciwon hanta suka fi ci, don idan magani da angurya suka zo a san inda za a fara kai su. Saniya tana iya tsayawa da ƙafafunta alhali ta ƙare daga ciki, jininta ne ke faɗin gaskiya. Da sassafe nakan je ruga ko kara, a riƙe mini saniya, in soka allura a jijiyar wuya in ɗebi jini ɗan kaɗan, bai kai cokali biyu ba, in zuba a siririyar kwalba mai wani farin gari da ke hana shi daskarewa. In na dawo ɗakin gwaji sai in jera kwalaben a injin juyi, in yi ta murza hannunsa har kafaɗa ta yi tsami. Jan ya kwanta ƙasa, wani ruwa mai launin man shanu narkakke ya taso sama. Wannan ruwan jinin shi nake nema. Sai in ɗiga shi a wani magani mai shuɗi, in jira, ya rikiɗe ya koma shunayya. Daga nan sai na'urar auna haske, wadda muke ce wa mita. Akwati ce da ba ta fi rediyo girma ba, da ɗan ƙwan fitila a ciki da ke cin wuta daga batirin mota, da wani tsinke a fuskarta kamar hannun agogo. Da farko in saka kwalbar da babu ruwan jini a ciki in daidaita tsinken, sannan in saka ta saniyar. Haske ya ratsa ta. Idan ruwan jinin yana da ƙarfi launin ya yi duhu, ya shanye hasken, tsinke ya yi nisa. Idan saniya ta rame daga ciki launin ya yi fayau, haske ya wuce abinsa, tsinken ya ɗan motsa kawai. Iyakar aikin ke nan, na rantse muku.

Amma aikin yana da ƙa'idodi, kuma ƙa'idodin nan ne suka ja mini. Zafi da girgiza suna fasa jini, ruwan ya fito ja-ja, mita ta ba da ƙarya, sai a zubar. Saboda haka nakan naɗe akwatin kwalabe da jiƙaƙƙen tsumma, in tuƙa babur ɗin ofis a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Hasken rana yana rikita mita, don haka tagogin ɗakin gwaji kullum a rufe suke. Ragowar jini kuma ba a zubarwa a kwata saboda karnuka da cuta, sai na haƙa rami a bayan ɗaki ina binnewa. To ku haɗa da kanku. Mutum yana bin shanu da asuba yana ɗibar jini, ya naɗe shi, ya shige ɗaki ya rufe taga, ana hango ɗan haske ta ƙasan ƙofa, ya fito ya binne wani abu. Ga sabon babur, ga ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata a shekarun ya sa na saya wa Rakiya gado mai rumfa da kwanukan langa. Lokaci ne da mutum zai kwana talaka ya tashi da mota, kowa yana tambayar ina wane ya samu, kuma amsar da ta fi saurin shiga kunne ita ce tsafi.

Abin ya fashe ne da wata saniyar Buba ta mutu. Buba Bafillace ne da ke zaune da garkensa a bakin kogi. Na ɗebi jinin saniyar, mita ta nuna ba ta da sauran ƙarfi, kafin kasuwa ta zagayo ta faɗi. Buba bai zarge ni ba, ya san ta daɗe tana ja da baya. 'Yan kara ne suka ɗauki zancen, suka ce duk wadda allurata ta taɓa an sha kurwarta. Na fara lura a wajen mai shayi, da na ga ya ware kofin da na sha ya wanke shi daban. Sannan a masallaci, sahu ya cika amma gefena da sarari, sai liman ya ce a matso kafin wani ya matso. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a ido. Da an faɗa da na samu abin amsawa. Gaisuwa ce kawai ta gajarce, mutumin da a da sai ya tambayi gida da yara da gajiya da aiki, yanzu daga ina kwana sai ya tuna yana sauri.

Rakiya ta fi ni shan wuya, don ni ina da ɗakin da zan shiga in rufe, ita kuwa tana tsakar gida da mata. Ƙuli-ƙulinta ya daina ƙarewa, ya koma kwana, ya koma ba mai aiko yaro. Wata rana na dawo da la'asar na tarar ta zauna gaban faranti cike, ke Binta kina jingine da ita.

"Malam, yau yarinyar nan ta bi yara zuwa gidan maƙwabta, aka koro ta. Wai kada ta taɓa musu randa."

Na ce, "Ki yi haƙuri, jahilci ne, zai wuce."

"Ni na san ba ka yin komai. Amma ni kaɗai na sani, Malam. Ranar da naƙuda ta kama ni wa zai shigo ɗakin nan?"

Ta tashi ta rufe farantin.

Ran wata Juma'a Yaya Musa ya zo kasuwa ya biyo. Ya ƙi shiga, muka tsaya a zaure. Ya sauke buhun gero da na aika wa Inna, ɗaurin bakinsa yadda na ɗaure.

"Inna ta ce a dawo maka da shi. Ta ce har yanzu hannuna bai gaza ciyar da ita ba."

Na ce, "Yaya, kai ma ka yarda da wannan magana?"

"Ni ban ce na yarda ba. Amma jini najasa ne, Haruna, kai kuma ka mai da shi sana'a. Ɗan kawunmu ya ce masaƙar da yake aiki a Kano suna neman masu ilimi, ko gobe ka je za su ɗauke ka. Ka bar wannan abin, bakin mutane ya mutu, Inna ta samu barci."

Na yi tunanin barin, Allah ya sani. Abokan karatuna duk sun gudu daga aikin dabbobi, wasu kamfanin gini, wasu banki, wasu Legas. Da likitan dabbobi da ke zuwa duba ni daga Kano ya zo, wanda muke ce wa Dakta, na gaya masa komai. Ya dubi mita, sannan ya ce ba zai hana ni ba, amma ba shi da wanda zai turo, kuma idan awon bai cika har ƙarshen damina ba, maganin wata jiha za a kai. Ya ce in yi shawara da zuciyata. Na tuna shanun da nake gani kowace safiya, ƙashin haƙarƙari a waje, maƙogwaro ya kumbura da ruwa, da masu su da ke tsaye da sanda ba su da abin yi. Na kuma ga cewa idan na gudu, na sa hannu ke nan a kan abin da ake faɗa. Na ce wa Rakiya zan tsaya zuwa kaka. Ta dube ni ta ce Allah ya kai mu. Da cikinta ya tsufa mahaifinta ya aiko a kai ta Utai ta haihu a gaban uwarta, ya ce a haɗo da ke Binta. Kowa ya san ba al'ada ba ce a tafi gida haihuwa ta biyu, amma ba wanda ya faɗa. Ni na kai ku tasha, na ɗora kayanku, har da kwanukan.

Auwalu, ranar sunanka na zo Utai da rago fari mai baƙin kunne, na zaɓe shi da kaina a kara. Surukina ya karɓe ni da mutunci, aka shimfiɗa mini tabarma, aka yi addu'a, aka raɗa suna. Da aka zo yanka sai na ga an jawo wani rago daga garken gidan. Nawa yana ɗaure a gindin darbejiya yana cin harawa. Da zan tafi surukina ya rako ni, yana riƙe da igiyar.

"Malam Haruna, ka koma da shi. Ba don komai ba, mutane sun taru, kada a ƙi cin naman yaro."

Na ce, "Na gode, Baba. Yaushe zan zo in ɗauke su?"

"Bari ta gama wanka. Bari kuma ƙura ta kwanta."

Aka gama wanka, ƙura ba ta kwanta ba. Na koma Wudil da ragon, shi ya zama abokin zamana. Matan gidan hayar sun daina share wajen ƙofata, ni na koyi dafa shinkafa da wake a risho, in ci rabi in ajiye rabi. Da yamma nakan ja ragon zuwa bakin kogi ya ci ciyawa, in zauna ina kallon manyan motoci suna hawa gada ɗauke da siminti da rodi, kowa yana zuwa wani wuri da ake jiransa. Akwai ranakun da in ban da sallama a masallaci da bismillar da nake yi kafin soka allura, ba na buɗe baki. Na kama kaina ina gaya wa ragon abin da mita ta nuna. Rugage da yawa sun hana ni taɓa shanunsu, sai na ƙara nisa, ina zuwa inda zancen bai kai ba, in dawo a hankali cikin rana, wani lokaci in tarar rabin kwalaben sun yi ja, wahalar ta tashi a banza. Nakan je Utai in an kwana biyu, a fito mini da ku zaure, Rakiya ta gaishe ni daga bakin ƙofa, in ajiye sabulu da atamfa in juyo.

Ban da Dakta, mutum ɗaya ne ya taɓa tsallaka ƙofar ɗakin gwaji da ƙafarsa. Wata rana da hantsi na ji sallama, na buɗe na ga Buba da sandarsa a kafaɗa. Bayan mun gaisa ya ce,

"Malam, an ce kana da aljani a akwati. Saniyata ce aka ce ya ci, to na zo in gan shi."

Na shigo da shi, na rufe ƙofa, na yi komai a gabansa. Ya murza injin juyi da hannunsa, ya ga ruwan ya taso, ya ga launi ya rikiɗe, ya sunkuya yana kallon tsinke. Na saka ta lafiyayyen bijimi, na saka ta ramammiyar saniya, ya sa na maimaita. Sai ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa.

"Ashe fitila ce."

Na ce, "Fitila ce, Buba."

Ya zauna muka ci shinkafata a kwano ɗaya. Ban san yadda zan gaya muku abin da na ji ba da na ga hannun wani a kwanon nan. Ya ci gaba da leƙo ni ranar kasuwa, yana kawo nono. Ya yi ta faɗa a kara cewa fitila ce, aka ce ai an shanye shi. Da Babbar Salla ta zo na yanka ragon, don ba ni da hujjar ajiye shi, na ƙulla nama na aika gidajen unguwa. Wasu suka karɓa, ban san me suka yi da shi ba, wasu aka ce ba sa nan. Buba ne ya ɗauki cinya ya tafi yana godiya. Bayan Salla kaɗan ya ɗaga garkensa ya yi kudu neman ciyawa, ban sake ganinsa ba.

Damina ta yi nisa aka aiko cewa Inna ba ta da lafiya. Zuwan Buba ya ba ni wata dabara. Na naɗe mita da bargo, na ɗaure ta da batirin da injin juyi a bayan babur, ba tare da na nemi izinin kowa ba, na kama hanyar Darki cikin taɓo. Yaya Musa ya ce ba za a shiga da mitar cikin gida ba. Muka yi ta ja, har Inna ta jiyo muryata ta ce a fito da ita zaure. Aka tallafo ta, ta rame ƙwarai, aka zaunar da ita a kan buzu. Na kama akuyarta na ɗebi jini a gaban kowa, na saki akuyar ta koma tana cin dusarta. Na murza, na ɗiga, na jira, ina bayani kamar mai karantar da yara. Na sa aka saki asabarin ƙofa don a rage haske, na kunna mita, na matso da ita gaban Inna na ce ta dubi tsinken. Ta sunkuya, ta daɗe. A nan na lura da farin da ya rufe mata ido. Ba wanda ya gaya mini yanar ido ta kama ta a shekarar.

"Auta, ba na ganin komai. Sai ɗan haske-haske."

Duk tafiyar da na yi, da tattalin da na yi wa akwatin a hanya, ga inda suka tsaya. Ta miƙo hannu ta shafa mita, ta shafa har ta kai ga hannuna, ta riƙe.

"Kana salla?"

"Ina yi, Inna."

"Wa ke dafa maka abinci?"

"Ni nake dafawa."

Sannan ta ce, "Shi ya sa hannun ya zama haka. Me ka riƙo mini?"

Fura na saya a hanya, ban ma sa rai za a karɓa ba. Ta ce in dama mata da kaina. Na dama, ta sha ludayi uku ko huɗu, ta ce ta ƙoshi. Ta juya wajen da take jin numfashin Yaya Musa ta ce masa in an cire gyaɗa ya shirya ya je Utai biko, ya ce ita ta aiko shi. Ba ta ce ta fahimci aikina ba, kuma ban ce muku ta fahimta ba. Ba ta kai kaka ba.

Na cika awon. Magani ya zo bayan an gama girbi, bai kai yadda aka yi alkawari ba, angurya kuwa ba ta zo ba sam. An yi wa garkunan da na nuna ɗure, wasu shanun sun tashi, wasu an makara. Ba a jima ba aka ce an rufe shirin, mota ta zo ta ɗauki mita da injin juyi, aka bar mini ɗaki da tagogi a buɗe. Ba a yi taro an wanke ni ba. Mutane dai sun gaji da zancen, wani ya sayi mota a unguwa suka koma kansa. Har yau idan na auna abin da aka samu da abin da aka rasa, wata rana ya rinjaya nan, wata rana can.

Rakiya ta zo Darki gaisuwar rasuwar Inna, daga can Yaya Musa ya cika aiken da aka bar masa, ta biyo ni Wudil. Ke Binta da kika ga ɗakin kika ruga kika haye gado kamar jiya kika bar shi. Kai kuwa Auwalu, ka fara rarrafe, ka saba da kafaɗar kawunka na Utai, shi kake miƙa wa hannu. Da na ɗauke ka sai ka sandare, ka tsala ihu har sai da uwarka ta karɓe ka. Haka muka yi ta yi har sanyi ya wuce. In na shigo ka ɓuya a bayan zaninta, in na yi magana ka yi shiru kana kallona. Rakiya takan ce in ƙyale ka, yaro ne, zai saba. Na daina kai hannu, sai in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki bayan la'asar in zauna ina gyaran fitila ko ɗinkin takalmi, ban dube ka ba. Wata rana ina zaune haka na ji an dafa mini gwiwa. Ka rarrafo ka kama ni ka miƙe tsaye, kana layi, kana kallon abin da ke hannuna. Ban motsa ba, ko numfashi mai ƙarfi ban yi ba. Aka kira magariba ina ji, uwarka ta leƙo za ta ɗauke ka, na yi mata alama da ido ta bari. Ranar a gida na yi sallar, bayan ka gaji don kanka ka zauna.